Wandon Manaja da Ƙwaƙwalwar Baba

Wando guda ɗaya ne ya raba mahaifinmu da sana'arsa, kuma wandon ma ba shi da laifi. Tumbin mai wandon ne ya jawo, amma da yake ba a tuhumar tumbin manya, sai aka kama Baba.

Baba tela ne, shekara arba'in da ɗoriya a shago ɗaya, a kan keke ɗaya. Abin da duk layin suka san shi da shi, ba ya rubuta awo. Sau ɗaya zai zagaye ka da tef, ya faɗi lambobin a bakinsa, shi ke nan sun zauna. Bayan shekara biyar ka aiko da yadi, sai ka ji ya ce, "Wane ko? Kafaɗa sha takwas, hannu ashirin da huɗu, amma na dama ya fi na hagu da rabin inci." Mutane har gwada shi suke yi don nishaɗi. Sharaɗinsa ɗaya ne: in jikinka ya canja, ka zo da ƙafarka a sake awo.

Manajan ofishin Yayanmu bai zo da ƙafarsa ba. Direba ya aiko da yadi, da saƙon cewa awonsa na nan wurin Baba. Yana nan kuwa, ƙugu talatin da huɗu, na zamanin da yake ƙaramin akawu yana zuwa aiki a ƙasa. Tun daga lokacin sau uku ana yi masa ƙarin girma, kowanne kuma a ƙugu ya sauka. Baba ya mayar da direban ya tambayo ko jikin na nan yadda ya san shi. Direba ya dawo ya ce Manaja ya ce ko tsoka bai ƙara ba. Baba ya yanka, ya ɗinka, ya goge, aka kai. Wando ya isa cinya ya ce iyakarsa ke nan.

Washegari a gaban ma'aikata Manaja ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Tsohon nan naku fa ya fara rikicewa. Ku hutar da shi, ku nema masa magani." Da a ce likitoci goma ne suka taru suka faɗi haka, da Yaya ya yi musu gardama. Amma wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmansa ne ya faɗa, don haka magana ta tabbata.

Ni ce auta a gidanmu, malamar firamare, mu biyu kaɗai Baba ya haifa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Ranar Asabar Yaya ya kira ni gidansa, na tarar da matarsa, wadda muke kira Anti, ta ajiye wata farar kwalbar ƙwayoyi a tsakiyar tebur. A jikin kwalbar an zana ƙwaƙwalwa tana walƙiya, ƙasa da ita kuma wasu tsofaffi biyu suna dariya, haƙoransu sun fi na jikokinsu kyau. Ashe watan nan Anti ta shiga cikin masu sayar da ƙwayar. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Ba magani ba ne," in ji ta, "ƙarin abinci ne. Abincin ƙwaƙwalwa. Yana wanke jijiyoyi, ya farfaɗo da tunani. An yi bincike a kai."

Na ce, "A ina?"

"A waje."

Na juya kwalbar na karanta ƙananan rubutun da ke baya. Na ce, "Anti, nan cewa aka yi mai yiwuwa ya taimaka. Ba a ce zai taimaka ba."

Ta yi mini irin murmushin da ake yi wa wanda bai san duniya ba. "Tawali'u ne irin na masu ilimi, Auta. Ba sa son cika baki."

Na ce to ni ban ga mantuwa a tare da Baba ba, awon da aka ba shi ya riƙe, mai awon ne ya kumbura. Yaya ya haɗe rai ya ce in iya bakina, mutumin da nake magana a kansa babban mutum ne. Na ce ai wandon ma shaida ne. Bai yi dariya ba.

Shawarar da suka yanke tun kafin in zo ita ce Baba ya rufe shago na sati biyu, ya dawo gidan Yaya ya huta, ya sha ƙwaya. Yaya ya riga ya je ya same shi, Baba ya ce masa ya gode, amma ɗinkin mutane na jiransa. Shi ya sa aka neme ni. Kowa ya san Baba bai taɓa iya ce mini a'a ba.

Na je. Wannan ban ɗora wa kowa ba, da ƙafata na je. Na same shi ya sunkuya yana zana yadi da alli, tef a wuya, maƙwabcinsa Mai Agogo na zaune a benci suna musu a kan wasan ƙwallon da aka yi tun ban zo duniya ba. Na ce masa hutu ne kawai, hankalin Yaya ya kwanta, bakin Manaja ya mutu. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya goge keken, ya ɗiga masa mai, ya lulluɓe shi da ƙyalle. Ya ciro makulli daga aljihu ya sa a tafin hannuna, bai sake shi nan take ba.

"Sati biyu ko, Auta?"

"Sati biyu, Baba."

Ɗakin da aka ba shi a gidan Yaya, wallahi ba laifi, kowa aka kawo sai an nuna masa. Ga katifa mai tudu, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga talabijin manne a bango. Taga ɗaya ce, tana kallon katanga. Mutumin da ya saba kafin azahar ya gaisa da mutum hamsin, yanzu maigadi ne kaɗai yake gani, shi ma ta ƙeya. Anti ta kafa doka: ƙwaƙwalwa shiru take so kafin ƙwaya ta kama. Biyu da safe, biyu da yamma, da ruwa cikakken kofi, sai kwanciya.

Satin farko Baba ya ɗauki abin da raha. Kullum na biyo daga makaranta sai ya ce, "Ga ɗan fursuna nan, saura kwana kaza." Ya ga maɓallin rigar Yaya na lilo, ya nemi allura da zare. Aka ce an ɓoye duk wani abu mai tsini, don lafiyarsa. Ya dubi rigar Anti ya ce wanda ya ɗinka ta ya karkatar da hannun hagu. Ta tsuke baki ta ce daga waje aka kawo ta. Ya ce to a wajen ma akwai 'yan koyo.

Ranar da sati biyu suka cika, ya yi wanka da sassafe, ya sa hula, ya fito falo da 'yar jakarsa. Ina wurin. Ya ce, "To, na gode da karamci. Auta, kawo makulli."

Makullin kuwa tun ranar farko Yaya ya karɓe shi daga hannuna. Yaya ya ajiye kofin shayi ya ce, "Wane sati biyu, Baba? Wa ya ce sati biyu?" Ya juya wurin matarsa ya rage murya, amma yadda kowa zai ji. "Kin gani ko? Abin da nake faɗa ke nan."

Baba ya dube ni. Ni ce na faɗa, ni ce shaida, kalma ɗaya ta isa. Yaya ma ya dube ni, irin kallon da yake yi mini tun ina 'yar shekara biyar. Na sunkuyar da kai ina gyara igiyar jakata, na ce, "Baba, ka ɗan ƙara hutawa." Ya juya ya koma ɗaki da jakarsa. Har gobe in na tuna wannan safiyar sai in ji na tsani kaina.

Daga ranar kwalbar nan ta zama alƙalin gidan. Duk abin da Baba ya faɗa wanda bai yi wa wani daɗi ba, mantuwa ce. In ya ce ba a kawo masa abincin rana ba, ya ci ya manta. In ya ce ƙwayar na sa cikinsa ƙugi, aikinta take yi. Wata rana ya dubi Yaya sama da ƙasa ya ce, "Ƙugunka ya kai talatin da takwas, ka rage zama." Yaya ya ce talatin da huɗu yake tun yana saurayi. Da alama a ofishin nan nasu kowa talatin da huɗu ne.

Mai Agogo ya zo dubiya sau uku. Sau uku maigadi na ce masa Baba na barci. A na ukun ya ɗaga murya daga bakin ƙofa ya yi sallama, ko Allah zai sa. Da yamma Baba ya ce mini da murna, "Na ji muryar Mai Agogo ɗazu." Anti na tsaye da kofin ruwa. Ta girgiza kai cikin tausayi ta ce, "Ya fara jin muryoyi." Daga ranar aka mayar da ƙwayar uku da safe, uku da yamma.

In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. A wata na biyu Anti ta fara damuwa da shagon Baba, damuwa mai tsanani. Shago a rufe, in ji ta, gidan ɓera ne, kuma ɓarayi na sa masa ido. Gara a ɗan riƙa buɗe shi yana shan iska, na ɗan lokaci. Iskar da ya sha ita ce fenti fari da kore, da kantoci na gilashi, da allo a sama mai hoton ƙwaƙwalwar nan mai walƙiya. Aka fitar da bencin da mutanen layi ke zama. Keken Baba aka kawo gida aka tura sito, aka ɗora masa kwalayen ƙwaya a kai. Ɗinkin mutane da ya bari aka zuba a buhu aka ce kowa ya zo ya nemi nasa.

Ba wanda ya gaya wa Baba. Kullum sai ya tambaye ni ko an leƙa an ɗiga wa keken mai, in ce an leƙa. Keken na bayan bangon ɗakinsa, taku biyar tsakaninsu.

A wata na huɗu abin da suke ta kira ya fara amsawa. Ya daina tambayar makulli. Ya daina ƙirga kwanaki, daga baya ya daina sanin sunayensu, to me zai bambanta masa Talata da Juma'a a ɗakin da tagarsa ke kallon katanga? Sai in shigo in same shi zaune a bakin katifa, talabijin na ta surutu, yatsunsa na murza gefen zanen gado. Na so in motsa shi, na ce, "Baba, faɗa mini awon Hedimastanmu."

Fuskarsa ta ɗan washe. "Kafaɗa sha bakwai da rabi. Hannu…" Ya tsaya. Ya rufe ido, leɓensa na motsi. "Hannu…" Ya buɗe idon ya dube ni, ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar. "Auta, lambobin suna tafiya. Ba mai zuwa nemansu, sai su tafi."

Na fita bayan gida na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Asabar ɗin da Yaya ya yi tafiya na ce wa Anti zan kai Baba aski, na wuce da shi asibiti. Likitar wata mace ce mai haƙuri. Ta sa shi ya zana fuskar agogo, ta ba shi kalmomi ya riƙe, ta rubuta gwajin jini. Na miƙa mata kwalbar. Ta karanta gaba da baya ta ajiye.

"Irin waɗannan ana ta bincike a kansu," in ji ta. "Wasu sun ga ɗan amfani, wasu ba su ga komai ba, maganar ba ta zauna ba tukuna. Wa ya ce ya sha shida a rana?"

"Matar yayana."

"Likita ce?"

"Tana sayarwa."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Me yake yi da yininsa?"

"Hutawa."

"Daga me?"

Baba ne ya ce a hankali, "Daga ɗinki, 'yata." Ta ce gaskiya akwai alamun da ke son a sa ido, kuma ba ta da alkawarin da za ta yi mana a kan tsufa. Amma mutum irin wannan, in aka raba shi da aikinsa da mutanensa aka rufe a ɗaki, gangara ake tura shi. Ta ce a mayar da shi cikin jama'a, a ba shi abin yi, ko maɓalli ne ya riƙa sawa. Ta ce kada a ɓata lokaci.

Na kai wa Yaya wannan magana da zafinta ranar da ya dawo. Abin da ya fara ɓata masa rai shi ne ƙaryar askin. Sai da muka gama shari'ar aski kafin a zo kan Baba.

Anti ta ce, "Likitoci ai dole su kushe. Ƙwayar nan kasuwa take rage musu."

Yaya ya ce, "Ke yanzu so kike a ce ni, a matsayina, ubana na can bakin titi yana taka keke yana ɓata wa mutane yadi? Me za a ce da ni? Mutum ya yi wahala shekara arba'in, Allah ya ba ɗansa hali ya hutar da shi, shi ne laifi? Je ki duba ɗakinsa. Ke kina da irin katifar nan?"

Na ce katifa ba ta hira.

"Kin san tsadar ƙwayar nan? Ke da ko kwalba ɗaya ba ki taɓa saya masa ba, ke ce mai bakin magana." Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya sassauta. "Shi ke nan, bari ya gama wannan kwalbar mu gani. Yanzu ta fara shiga jikinsa."

Kwalbar ta ƙare aka buɗe wata. Ita ma sai da aka jira ta shiga jikinsa. Takardar gwajin jinin tana cikin motar Yaya, kullum gobe.

Za ku ce ni me ya hana in ɗauke shi. Ni ma ina da nawa uzurorin, kuma na iya jera su ba kunya: ɗakuna biyu ne gidanmu, yara huɗu, ga aiki, ga shi ƙanwa ba ta ja da yayanta, kada zumunci ya lalace. Na lallaɓa zumunci har wata bakwai. Zumunci ya yi ɓul-ɓul, Baba na ramewa.

Abin da ya fasa ƙwai a ɗakin malamai ya same ni. Wata abokiyar aikina ta miƙo mini waya ta ce, "Malama, wannan ba babanki ba ne? Kai, masha Allah, ashe ya samu sauƙi. Ni ma zan saya wa tsohuwata."

Bidiyon talla ne. Da farko aka rubuta KAFIN da manyan haruffa. Ga Baba a bakin katifar gidan Yaya, wuya ya zurma, ido ya faɗa, muryar Anti daga baya tana cewa, "Baba, yau wace rana ce? Baba, wa ke magana?" Shi kuma yana ta kallon waya yana murza zanen gado. Sai kiɗa ya canja, aka rubuta BAYAN WATA UKU. Ga Baba a shago, tef a wuya, kumatu cike, yana dariya yana zubo awon mutane ɗaya bayan ɗaya, ana tafa masa. Na san wannan bidiyon. Ni na ɗauke shi shekara uku da suka wuce na tura wa 'yan gida. Har muryata tana ciki ina cewa, "Saura na Hedimasta, Baba."

Ban nemi izinin kowa ba na bar makaranta. Na same su a falo suna cin abincin rana, na ajiye wayata a gaban Yaya bidiyon na tafiya.

Anti ko a jikinta. "To mene ne? Shi ne a nan, shi ne a can. Wanne ne ƙarya a ciki?"

"Kin sa ƙarshe a farko, kin sa farko a ƙarshe."

Yaya ya ce, "Tsari ne kawai aka ɗan juya, haka ake talla. Kuma ki duba iyayen mutane nawa za su amfana. Sadaka ce mai gudana ga Baba, in kin yi tunani."

Na ce na yi tunani, kuma ba da ƙwaya na yi shi ba. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yaya, ban kuma janye ko ɗaya ba har yau. Na ce shi bai taɓa jin tsoron Baba ya manta ba, tsoronsa kada Manaja ya tuna cewa ɗan tela ne. Na kira mai gidana na ce ya zo da motar ɗaukar kaya. Na buɗe sito na ture kwalayen Anti ƙasa, na jawo keken. Na shiga na kamo hannun Baba. Yaya na tsaye a ƙofa yana cewa in na fita da shi, duk abin da ya same shi a wuyana. Na ce dama a wuyana yake, tun ranar da na karɓo makulli.

Kafin la'asar mun share barandar gidanmu, wadda ke kallon titi. Na aika aka kira Mai Agogo, ya rufe shagonsa ya taho har da ɗan gudunsa na tsofaffi. Shi ya kwance kan keken ya wanke tsatsa, ya ɗiga mai, ya ja bel, ya sa sabuwar allura. Ya taka feda, keken ya amsa da muryarsa ta da. Na kawo yadi, na kawo alli da almakashi, na rataya tef a jikin kujera.

Na fito da Baba. Mai Agogo ya miƙe ya kama hannunsa biyu-biyu yana cewa, "Tela, tela, ashe da rabon a gana." Baba ya amsa gaisuwar da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Na zaunar da shi a kujerar. Ya ɗosana a baki-baki, hannuwansa a kan gwiwa. Ya daɗe yana kallon keken. Ya miƙa yatsa ɗaya ya shafi kansa, ya janye.

"Keke mai kyau," ya ce. "Mai shi ya san darajarsa."

"Naka ne, Baba. Taka mu ji."

Ya yi murmushi, na wanda aka tsokana. Ya duba titi hagu da dama, ya miƙo mini hannu.

"'Yar nan, tashe ni kafin mai shi ya dawo. Ba a zama a kan keken mutum."

Mai Agogo ya juya baya yana gyara hularsa, ya daɗe yana gyara ta.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce duk da rashin kunyar da na yi masa, ba zai bari fushi ya shafi lafiyar mahaifinsa ba. Wai na manta da kwalbar a kan tebur, zai aiko direba da ita. In kula sosai, uku da safe, uku da yamma, kada a tsallake ko sau ɗaya, in ba haka ba Baba zai koma baya.

Ban ce shagon nan zai hana Baba tsufa ba, likita ma ba ta ce ba. Ita ƙwayar ma ban ɗora mata laifi ba, tun farko ta faɗi gaskiyarta a bayan kwalba, ta ce mai yiwuwa. Mu ne ba mu yi mai yiwuwa ba. Mun ɗauki mutum da hankalinsa, muka ƙwace masa aiki da abokai, muka ƙaryata shi kullum a kan abin da ya tuna daidai, sannan muka tsaya a kansa da kofin ruwa muna jiran a ce mana 'ya'ya nagari. Ana ce wa Yaya kuwa. A ofis da shi ake ba da misali, ɗan da ya hutar da ubansa. Bidiyon yana nan yana yawo, shagon Anti ba ya rabo da mutane, kowa ya zo saya wa tsohonsa abin da zai fanshe shi daga zuwa ya zauna da shi.

Baba yana gidana yanzu. Kullum da safe in an yi masa wanka, sai ya ja ɗan benci gefen keken ya zauna, ya bar kujerar ba kowa. In wani ya zo wucewa ya yi sallama, sai ya ce masa tela ya ɗan fita, amma yanzu zai dawo. Nakan zauna kusa da shi kafin in tafi makaranta, mu jira tare.